Bidiyo ya ƙi buɗuwa ba lallai laifin waya ba ne

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a. Ni mai gyaran waya ne a nan Makka wajen Misfala inda alhazanmu suka fi sauka, kuma akwai abin da yake ci min rai duk Umrar azumi da lokacin Hajji. Mutum zai sauke bidiyon Tarawihi ko huɗubar Arfa don ya tura wa iyalinsa gida, sai abu ya ƙi buɗuwa ko hoto ya fito babu murya, shi kenan a ce waya ta lalace, wani har sabuwa zai saya da ɗan guzurinsa alhali lafiyarta ƙalau wallahi.

Bidiyon da kake kallo a intanet yawanci ba fayil ɗaya ba ne. Akwai tsarin HLS da kamfanin Apple ya fitar a 2009, yayyanka bidiyon ake yi gunduwa-gunduwa kowace 'yan daƙiƙoƙi, sai a haɗa da wani ɗan fayil m3u8 wanda ba komai cikinsa sai jerin inda gutsattsarin suke, to shi wasu ke saukewa su ga 'yan KB kawai su yi ta dannawa ba abin da ya fito. Sai wani tsarin mai suna DASH da ya zo a 2012, shi kuma sau da yawa hoto daban murya daban, YouTube ma haka yake yi wa bidiyo mai inganci sosai, shi ya sa in ka zaɓi 1080p a wata manhajar sai ka samu liman yana karatu ba ka jin komai, ba ta haɗa maka biyun ba ne. Kuma da gangan aka tsara HLS da DASH ɗin don in netwok ya yi nauyi, irin cunkoson Harami bayan Isha'i, hoton ya dusashe maimakon ya tsaya cak.

Sai maganar MP4 da MKV da WebM da ake gani a ƙarshen sunan fayil ɗin bidiyo. Waɗannan kwano ne kawai, tuwon da ke ciki shi ne yadda aka matse bidiyon. Cikin hanyoyin matsewar, H.264 tun 2003 yake, kusan kowace waya tana cin sa. H.265 da iPhone ke ɗauka da shi, da AV1 na 2018, sun fi tsimin data amma ƙaramar wayar Hajiya da ke ƙauye ba lallai ta iya da su ba ko da an rubuta MP4 a ƙarshen sunan. Kuma don Allah a daina goge mkv a rubuta mp4, ba abin da ya canja. A fara gwada VLC, manhajar kunna bidiyo, kyauta ce.

In gida za a tura, a nemi MP4 mai H.264, 480p ya wadatar, in wa'azi ne ma a ɗauki murya zalla a tausaya wa datar mai karɓa. WhatsApp yana matse bidiyo, mai son ya isa yadda yake ya tura shi a matsayin dokumen. Na manhajojin finafinai irin Netflix da Shahid kuwa a kulle suke, haƙƙin masu shi ne, kuma manhajojin da ke cewa za su fasa maka su nake yawan cirewa daga wayoyin da talla ta cika.

Edita ina roƙo ku ware ɗan fili ku bayyana wannan da Hausa kafin maniyyatan bana su taso.

Naku,
Mai gyaran waya, Misfala, Makka