Sanarwa ga ƴan uwa mazauna Jidda

Assalamu alaikum. Wani ɗan uwanmu na neman inda masu son barin giya ke zama su ƙarfafa juna. Kada a tambaye ni ko wane ne.

A fara da Asibitin Irada na masu fama da shaye-shaye, wanda a da ake kira Al-Amal, ko a kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta masu son barin giya, da aka kafa a Amurka a 1935, tana taro ta intanet har da Larabci, kyauta, sunan farko kawai ake faɗa.

Amma wanda ya daɗe yana sha kullum kada ya yanke lokaci ɗaya. Rawar hannu, zufa, har farfaɗiya na iya biyo baya cikin kwana 3. Likita tukuna.

Mai ƙarin bayani ya same ni ta gefe.