Tallar giya da yaranmu: an ba kura ajiyar nama

Yallabai Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni mai gidan kallon ƙwallo ne a nan Kaduna, na haura shekara goma a harkar, da talabijin ɗaya da benci huɗu na fara, yanzu Alhamdulillahi ranar babban wasa har a tsaye ake kallo. Don haka maganar da zan yi ni ma ta shafe ni, ba wai na wanke kaina ba ne.

Kwanakin baya ana wasan Champions League, an tafi hutun rabin lokaci, sai ga tallar wata giya ta shigo, tun kafin kwalbar ta fito a allo na ji wani yaro a bencin gaba ya kira sunanta yana ta bin kiɗan da baki. Yaron nan bai wuce sha biyu ba, ɗan maƙwabcina ne, kullum da yamma sai na gan shi da jakar Islamiyya. Na ce kai ina ka san wannan? Ya yi dariya yace, Kawu ai kowa ya sani. Wallahi jikina ya yi sanyi, don yaron nan ko ƙofar mashaya bai taɓa gani ba, a shagona ya haddace, kuma ni na karɓi kuɗin shigarsa.

Mu a Arewa mun ɗauka wannan magana ta mutanen kudu ce ko ta 'yan Sabon Gari, tunda ga jihohi 12 da ke da Shari'a, ga Hisbah a Kano tana farfasa kwalabe ana ɗauka a kyamara. To kwalba ana iya fasa ta. Wanda ya shigo ta dish da ta waya fa, wa ke tare shi? Giyar Heineken ta daɗe tana ɗaukar nauyin Champions League, Guinness kuma tun 2024 ita ce giyar Firimiyar Ingila a hukumance, kuma kowa ya san wasan Firimiya da rana tsaka ake buga shi ranar Asabar da Lahadi, lokacin da ba makaranta. Na gwada kashe sauti in an tafi hutu, har canja tasha nake yi 'yan kallo na min ihu, amma allunan da ke zagaye da fili fa, ko allon da ke bayan koci in yana hira da 'yan jarida? Sai dai in kashe wasan gaba ɗaya.

In ka yi magana sai a ce ai kamfanonin suna da nasu ƙa'idoji, su da kansu suka rubuta, wai ba sa tallata wa yara, ba sa sa ƙananan yara a talla, kuma ga 18+ nan suna rubutawa tare da cewa a sha cikin hankali. Yallabai ka taɓa lura da girman rubutun nan? Can ƙasa a lungu, sai ka matso ka ƙanƙance ido, ita kuwa kwalbar ta cika allo tana zufa, ga samari da 'yan mata fes-fes ana ta shewa kaman ba su da matsala a duniya. A intanet kuma abun dariya ne ma, shafi zai tambaye ka wai ka kai 18? ka danna eh, shi ke nan an wuce. Yaron da ya buɗe Facebook da TikTok da shekarun ƙarya shi ne wannan tambayar za ta tsayar? Ga kuma sabuwar dabara, a fito da wadda ba ta bugarwa a rubuta 0.0 a jiki, suna ɗaya, kala ɗaya, tambari ɗaya, in an yi ƙorafi a ce ai wannan lemo ne.

Ni ban ce mutanen nan shaiɗanu ba ne, 'yan kasuwa ne kaman ni. Amma ni na san in aka ce min ni zan yanke wa kaina yawan mutanen da za su shiga shagona, kuma ni zan ci kaina tara in na saɓa, to an gama. Mai sayar da abu kullum sabon kwastoma yake nema, kuma ɗan shekara sha huɗu na yau nan da shekara huɗu ya zama kwastoma, in sunanka ya riga ya zauna masa a ka tun yanzu ai ka ci riba.

In ana son shaida a dubi maganar giyar leda, irin 'yar ƙaramar nan da ake ratayewa a tasha da bakin titi kaman omo, wadda yaro zai saya da kuɗin tara ya sa a aljihun wando ba wanda ya sani. Wasu ma da sunan magani ake tallarta, wai maganin basir, maganin ciwon baya, ƙarfin maza, alhali ƙarfin barasar ciki ya kai kashi 30 cikin ɗari ko fiye, giyar kwalba kuwa wajen kashi 5 ce. A Disambar 2018 Ma'aikatar Lafiya da NAFDAC suka zauna da ƙungiyoyin masu yin ta aka sa hannu a yarjejeniya, aka ba su shekara biyar cur su daina zuba giya a leda da ƙananan robobi da ba su kai mililita 200 ba, wa'adi ƙarshen Janairun 2024. Da hannunsu suka sa hannu, ba wanda ya ɗora musu bindiga. Da lokaci ya cika shugabar NAFDAC Farfesa Mojisola Adeyeye ta ce to an fara aiki da haramcin, sai ga zanga-zanga, ga kuka wai za a rasa ayyuka, Majalisar Wakilai ta shigo ciki, daga ƙarshe aka sake ɗaga wa'adin zuwa ƙarshen 2025. Shekara biyar ta koma bakwai. Wanda aka ba shekara biyar ya shirya sai ranar ƙarshe ya fara salati, shi ne za a ce ya tsare kansa da kansa a kan talla?

Maganar ayyukan yi ba ƙarya ba ce, ina da abokin da ƙaninsa a irin masana'antar nan yake ci da iyalinsa, kuma gaskiya ne in aka hana wani abu 'yan jabu kan cike gurbi. Amma Tanzaniya ta hana giyar leda a 2017, Uganda ta bi a 2019, ba mu ji ƙasashen sun rushe ba.

Kuma fa ba wai ba mu da hukuma ba ne. Akwai ARCON da ta gaji APCON a 2022, ita ke tantance talla kafin ta fita, kuma a rubuce an hana sa tallar giya a shirin yara ko kafa allonta kusa da makaranta da wurin ibada. Matsalar ita ce an yi ƙa'idojin ne da tunanin rediyo da talabijin da allon bakin titi, su kuwa 'yan talla sun koma wajen mawaƙa da masu barkwanci na Instagram, a ba mutum kuɗi ya riƙe kwalba a bidiyo yana rawa, ba wanda zai ce talla ce, kuma da yawa daga cikin masu bin sa 'yan sakandare ne.

Ga Ghana nan kusa da mu, hukumar abinci da magungunansu ta hana fitattun mutane yin tallar giya, mawaƙa suka yi ta hayaniya har aka je Kotun Ƙoli, a 2024 kotu ta ce hanin yana nan daram. Faransa kuwa, ƙasar da ake ji da ita wajen giyar inabi a duniya, tun 1991 ta yi dokar da ta hana tallar giya a talabijin da ɗaukar nauyin wasanni. Can ma kamfanonin ba su haƙura ba, a gasar Euro 2016 da aka buga a ƙasar giyar Carlsberg ta cire sunanta ta bar kalma ɗaya daga takenta da irin rubutunta da kalarta, kowa kuma ya gane. To inda akwai doka mai haƙori ma ga yadda ake zagaye ta, ina ga inda aka ce alƙawari kawai? Mu ma ai mun yi a kan taba, dokar 2015 ta hana tallar sigari, yau yaushe rabon ka ga allon sigari a titi, kuma ba a jira kamfanonin taba sun ji tausayinmu ba.

Kar wani ya ce na kawo maganar addini, a shagona Musulmi da Kirista ke zama benci ɗaya, kuma akwai wani dattijo ɗan Arsenal da ni na san yana taɓawa, amma ranar da na ba shi labarin yaron nan ya fi ni ɓacin rai, yace shi ɗansa in ya kama shi da leda sai ya karya shi.

Roƙona ga 'yan majalisarmu na Arewa, masu yin shiru in an zo maganar giya wai ba ta shafi mazaɓarsu ba, su tashi a yi doka ta gaske, a raba tallar giya da ƙwallo, a hana mawaƙa da 'yan barkwanci yin ta ko a fili ko a fakaice, tarar kuma ta zama mai zafi kuma hukuma ce za ta yanka, kar a sake barin alƙalanci a hannun mai kaya. Tashoshin da ke kawo mana wasa su ma a zauna da su, tunda tallar da suke sakawa lokacin hutu a hannunsu take.

Ni dai a nawa ɓangaren na sa doka, wasan dare ba yaro ƙasa da sha biyar, kuma na rasa ciniki ba kaɗan ba don wasu sun koma shagon bayan layi. Na Asabar da rana kuwa har yanzu ban san yadda zan yi da su ba, sai dai in ci gaba da riƙe rimot.

Naku,
Mai gidan kallon ƙwallo,
Kaduna.