Wasiƙa daga Wiskonsin: Barewar da ke zubar da ƙaho

Zuwa ga aminina Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya Umma da ƙarfin jiki? Ya amarya da yara? Mu nan sai godiya, sai dai sanyin Fabrairu ya kai inda ya kai, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina.

Ka tambaye ni da me nake rage zaman kaɗaici. To, wani abokin aikina mai gona a gefen daji ya jawo ni cikin shirin Snapshot Wisconsin, wanda hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar nan ta Wiskonsin, a Amurka, ta fara a 2016. Kyamara ake ba mutum ya ɗaure a jikin bishiya, duk dabbar da ta gifta, ɗumin jikinta da motsinta ne ke sa ta ɗauki hoto, dare ko rana. Lokaci-lokaci mukan je mu sauya batir, mu kwaso hotunan.

Akwai wani namijin barewa, irin masu farin wutsiyar nan, da muke bibiya tun Nuwamba, lokacin barbararsu. Ka gan shi a lokacin, wuya ya kumbura, ƙaho mai rassa takwas, kowa na kauce masa. A hotunan tsakiyar Janairu sai ga shi da ƙaho ɗaya, kai a karkace. Kwana biyu bayan nan ya dawo kai fayau, sai tabo biyu jajaye a inda ƙahonin suke. Da ba don yagewar kunnensa na hagu ba, da mace za mu ɗauka.

Na san za ka ce cuta ce ko faɗa, don ragon layya in ya karya ƙaho ya karya ke nan. Nasu daban ne. Ƙashi ne zalla, kuma maza kaɗai ke da shi. Da barbara ta wuce, sinadarin mazantaka ya ragu a jini, sai ƙashin ya riƙa zaizayewa daga gindi har ƙahon ya faɗi da kansa, wani lokaci wajen tsallake shinge ko girgiza kai. Wanda ya rame ko ya ji rauni yakan riga saura zubarwa. Wajen Afrilu sabo zai tsiro, lulluɓe da fata mai laushi da ke kai masa jini. A farkon Satumba fatar ta bushe, ya goge ta a jikin itace. Kowace shekara haka! Ni dai abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda namijin nan ya yi laushi: ƙaramin namijin da ke gudunsa a da, yanzu tare suke kiwo.

Mutanen nan kan shiga daji neman ƙahonin da suka zube, su yi ado da su. Mu ma mun tsinci guda a bakin rafi, amma ɓeraye da kurege sun riga mu, sun gwaigwaye tsininsa saboda sinadarin kalsiyam da ke ciki.

Zan turo maka hotunan ta WhatsApp, ka nuna wa Baba, na san tsohon maharbi ba zai yarda ba sai ya gani da idonsa. Ka gaida min mutanen majalisa baki ɗaya.

Naka har kullum,
Habibu