Kwalin ƙwai ba ya maganin bes

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in ja hankalin samarinmu masu ƙananan situdiyo a Jos, abin na damuna wallahi, kowa sai manna kwalin ƙwai a bango wai zai gyara sauti. Ni ma haka na yi a ɗakina a Unguwar Rogo, amma ina kunna sifika sai bes, wato sautin nan mai kauri, ya riƙa gurnani a lungunan ɗaki har taga na karkarwa. Sautin bes zangonsa, wato tsawon igiyar sautin, dogo ne, na 100Hz (mai kaɗawa sau ɗari a daƙiƙa) kusan mita 3.4, to ina kwali siriri zai iya da shi?

Sai na sayo itace a kasuwar Katako, kafinta ya haɗa min firam mai kusurwa uku, na cusa tsofaffin barguna da kayan gwanjo ban danne su sosai ba, na rufe da yadin da in ka hura iska na wucewa, banda leda. Na kafa shi daga ƙasa har silin a lungu biyu na bayan sifika. Gurnanin ya ragu sosai, yanzu ina rarrabe ganga da gitar bes.

Naku,
Mai karatu daga Jos