A tuna da waɗanda suka riƙe ma'aikatu lokacin kulle

Assalamu alaikum Edita. Ina neman ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun da muka koma bakin aiki.

Tun tsakiyar watan Afrilun 2020 aka rufe Kano saboda cutar korona, muka yi azumi a kulle, muka yi Sallah a kulle. Sai ranar 2 ga Yuli gwamnatin jiha ta ɗage dokar, aka ce ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa sama su koma ofis, kamfanoni ma suka buɗe gadan-gadan. Ni a wani kamfani mai zaman kansa nake, ɓangaren ajiyar kaya.

Ranar da muka koma an tara mu a tsakar ma'aikata, kowa da takunkumi, aka ba da tazara. Manaja ya yi jawabi mai daɗi, ya gode wa manyan da suka riƙa taro ta manhajar bidiyo ta Zoom daga falonsu, har da kiran suna ɗaya bayan ɗaya, muna tafi. Ban ce ba su yi aiki ba. Amma duk tsawon jawabin nan ina hango dattijon mai gadinmu a bakin ƙofa, riƙe da na'urar gwada zafin jiki yana ɗora wa masu shigowa a goshi, ba wanda ya ambace shi.

Edita, wannan bawan Allah bai san wani abu wai shi kulle ba. A ɗakin gadi ya yi azuminsa, da gari da ƙuli yake sahur wasu ranakun, don ba abin hawan da zai kai shi gida ya dawo da shi. A lokacin nan da ake ta jana'izar dattawa a Kano, kowa gabansa na faɗuwa, shi yana nan yana tsare dukiyar da ba tasa ba. Haka baiwar Allah da ke mana shara. Yanzu aikinta ya ninka: goge hannun ƙofa, goge tebura, cika bokiti mai famfo da ruwa sau ba adadi. Safar hannu ma sai da ta roƙa.

Kuma duk su biyun an zaftare musu rabin albashi na watannin kulle, kamar yadda aka yi wa mu da muka zauna a gida. Mu dai a ce ba mu yi aiki ba. Su fa? Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2019 naira 30,000 ne, kuma ƙananan ma'aikata da yawa a kamfanoni ko shi ba sa samu. A raba wannan biyu, a je kasuwa da shi a ga kwano nawa na shinkafa zai saya.

Na san kamfanoni sun ji jiki, ciniki ya tsaya, wasu ma sallamar mutane suka yi. Shi ya sa ba na cewa a yi abin da ya fi ƙarfi. Amma yaba kyauta tukwici. Wanda ya zo aiki lokacin kulle a mayar masa da abin da aka cire, ko da kaɗan-kaɗan ne cikin wata uku. Takunkumi da sabulu su zama a wuyan ma'aikata, kada a bar wa lebura ya saya da kuɗinsa. Wanda ya tashi da zazzaɓi a bar shi ya kwanta ba tare da an yanke masa kuɗin yini ba, in ba haka ba zai sha farasitamol ya lallaɓo, ya shafa wa kowa. In kuma an tashi kiran suna a taro, a fara daga bakin ƙofa.

Ina kira ga ƙungiyar ƙwadago ta NLC reshen Kano ta leƙa unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Bompai da Chalawa ta ji ta bakin masu gadi da leburori. Jiya da na tambayi dattijon namu ko an yi masa maganar cikon kuɗinsa, murmushi kawai ya yi, ya ce in matso ya gwada ni.

Naka,
Wani ma'aikaci daga Kano