Wasiƙa ga Baba game da tumakin gida

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ku da Inna da sauran mutanen gida. Ni ma lafiya nake, sai dai sanyin Janairu, shi ma jiki ya fara sabawa.

Dalilin wannan takarda shi ne labarin da ya iso mini cewa Auta ya kai tumaki biyu kasuwa da sunan juya ne, kuma da mahauci ya yanka ɗaya sai aka tarar da ɗa a cikinta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina roƙonku, kada a ƙara sayar da ko tunkiya ɗaya sai an duba cikinta.

A gonar da nake aiki a nan Sikotilan babu mai yanke wa tunkiya hukunci da ido. Ana sakar musu raguna a watan Nuwamba, bayan kwana 80 zuwa 90 sai a kira mai sikanin, da na'ura irin wadda ake duba mata masu juna biyu da ita a asibiti. Tumakin na shigowa ɗaya bayan ɗaya, yana ɗora bakin na'urar a fatar da ba ta da gashi kusa da hantsa, hoton ya bayyana a ƙaramin allo, nan take ya faɗi ko ɗa ɗaya ne, ko tagwaye, ko uku, ko kuwa babu komai. Ni nake fesa wa kowace fentin da ke nuna abin da aka gani a cikinta, kuma bana mai gonar ya damƙa mini littafin lissafin, abin da bai cika ba baƙo ba. Na'urar tana nuna ciki tun daga kamar kwana 30 bayan barbara, alhali mu a gida sai hantsa ta fara cika muke tabbatarwa, lokacin kuwa an kusa cinye wata biyar ɗin da tunkiya ke yi da ciki.

Wani amfanin kuma shi ne abinci. A makonni shida na ƙarshe ne ɗan ciki ke yin mafi yawan girmansa, saboda haka mai tagwaye tana bukatar ƙari, in ba ta samu ba sai ta daina ci, ta kwanta, ta kasa tashi. Ina kyautata zaton abin da ya kashe balamar Inna bara ke nan.

Na san ina nesa, kuma Auta ne ke ɗaukar harawa da ba su ruwa kullum, ni sai faɗa a takarda. Ku yi masa magana a hankali, amma ku yi.

Kuɗin da na turo ta hannun Kawu kashi biyu ne. Kashi ɗaya na likitan dabbobi ne. A tambaya a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko za a samu mai zuwa da na'urar, in ya so a haɗa da tumakin maƙwabta a raba kuɗin motarsa. Ragowar a sayi dusa da angurya domin waɗanda aka samu da ciki. Ba na gyaran babur ba ne, Kawu ma na gaya masa haka. Kuma don Allah, ko layya ta matso farashi ya tashi, kada a fitar da tunkiya kafin a duba ta.

A gaida Inna da Gwaggo, a ce ina neman addu'arsu.

Ɗanku.