A daina kai tsofaffin kayan katako murhu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a garinmu Gombe, wato yadda ake farfasa tsofaffin gadaje da kwaba da kujeru ana hura wuta da su.

Ni ba kafinta ba ne. Malamin makaranta ne da ya ajiye aiki, na mai da zauren gidana wurin gyaran tsofaffin kayan katako don sha'awa. Jarina bai wuce zarto da guduma da sanfefa da gwangwanin gam ba. Kayan kuwa daga hannun dillalai da 'yan gwangwan nake samu, wani sa'in ma daga wurin mai tuyar ƙosai da ta saye su a kuɗin itace.

Kwanan baya aka kawo mini wata kwaba ta zamanin iyayenmu, ƙofa ɗaya ta ɓalle, fenti ya hau kan fenti, kore a ƙasa, shuɗi a sama. Da na kankare sai ga jan maɗaci garau, ko ƙwaro bai taɓa shi ba. Wanda ya haɗa ta bai dogara da ƙusa ba. Rami ya fafe a wannan katako, ya fiƙe bakin wancan ya shige daram. Irin wannan haɗi in ya yi lako-lako, kada a bi shi da ƙusa, tsaga katakon za ta yi. A zare shi a hankali, a kankare busasshen gam, a shafa sabo, a ɗaure tam da robar tsohon tub na babur, a bar shi ya kwana. In ana zargin gara, a caka bakin sukundireba. Inda ya lotsa a yanke a yi masa ƙari, sauran lafiyarsa ƙalau. Yanzu littattafan jikokina ne a cikin kwabar.

Gwada wannan da abin da ake jera wa 'ya'yanmu mata a yau. Yawancinsa allon garin katako ne da aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Ranar jere ya fi komai kyau. Amma da zarar ruwan damina ya taɓa gindinsa sai ya kumbura kamar burodi a shayi, sukurun da ya fita kuma ba ya sake kamawa. Na ga sif da bai jure tashi daga gidan haya zuwa wani ba, alhali uban amarya bai gama biyan bashinsa ba. Duk da haka in ka ce a gyara gadon kakarta a kai mata, sai a ce za ka ja wa dangi abin gori.

Irin katakon nan fa samunsa sai an sha wuya. Madobiya an yi ta lodinta daga dazukan Taraba zuwa ƙasar Sin, har a 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan kare tsirrai da namun daji masu fuskantar ƙarewa, ke sa ido a kan cinikinsu. A nan gida gwamnati ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green (3G) a 2019, kuma duk wanda ya ga yadda kwari ke cin unguwannin Gombe ya san dalili. Sai dai maɗacin da aka dasa bana, wanda ya dasa da wuya ya ga ranar da zai isa yanka. Wanda ya riga ya isa, aka yanka, ya bushe shekara da shekaru, shi ne muke dafa wake da shi.

Ga kuma haɗari. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, mai illa ga ƙwaƙwalwar yara. Ba a so a shaƙi hayaƙinsa, balle a gasa abinci a kai. Mai kankarewa ma ya jiƙa wurin tukuna, ya rufe hanci da baki, ya kori yara daga zauren.

Kirana na musamman ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai ne. Na daɗe a aji, na san tarin karyayyun bencina da ake jibgewa a bayan ofis, rana da ruwa na dukansu, yara kuma na zaune a ƙasa. Da yawansu ƙafa ɗaya ce ta tafi, ana iya ciro ta a jikin wani da ya fi lalacewa. A hutun ƙarshen zango a kira kafintan unguwa, a haɗa shi da manyan ɗalibai su koya, a saya musu gam da ƙusa daga asusun ƙungiya. Duk makarantar da ke kusa da ni, in an neme ni zan zo da kayan aikina, ba na bukatar ko sisi.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Jekadafari, Gombe